Rajista da Halarta: Tarihin Zuwan Yara Makaranta a Kudancin Kogin Kaduna

1.0 Gabatarwa

A duk lokacin da aka tashi ba da tarihin ilmin zamani a ƙasar nan, abin da aka fi kawowa shi ne yawan makarantun da aka gina da yawan yaran da aka rubuta sunayensu. Wannan lissafi yana da amfaninsa, amma bai kai mu ga abin da muke nema ba. Rubuta sunan yaro a rajista aikin yini guda ne, zuwansa aji kuwa aiki ne na kowace safiya har tsawon shekara shida. A cikin wannan takarda za mu yi ƙoƙari mu bi tarihin wannan aiki na biyu, watau halartar makaranta kullum ba tare da fashi ba, a ɓangaren birnin Kaduna da ke kudu da kogi.

Ɓangaren da muke nufi ya ƙunshi Makera da Kakuri da Barnawa da Unguwar Talabijin, waɗanda ke cikin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, da kuma Nasarawa da Narayi da Sabon Tasha da Unguwar Romi da Gonin Gora, waɗanda ke cikin Ƙaramar Hukumar Cikun. Mun zaɓi wannan wuri ne domin a nan jirgin ƙasa da mishan da masaƙu da gwamnati suka haɗu a kan yaro ɗaya, kowannensu kuma ya bar alamarsa a kan zuwansa makaranta. Abin da za mu nuna shi ne, tun daga 1917 har zuwa 2024, halartar yara ta dogara a kan abubuwa huɗu: samun iyaye, da kasancewar malami a aji, da lafiyar hanya, da imanin iyaye cewa karatun zai kai yaro wani wuri.

2.0 Fashi a makarantar allo da ta boko

Bahaushe bai jira zuwan Turawa ba kafin ya san darajar zuwa makaranta kullum. Makarantar allo tana da ranakunta, daga Asabar zuwa Laraba, da hutun Alhamis da Juma'a, tana kuma da lokutanta na safe da na yamma da na dare. Yaron da ya yi fashi, malam yakan tura manyan ɗalibai su kamo shi, iyaye kuma ba sa ganin laifin haka. Amma akwai wani bambanci tsakanin makarantun biyu wanda ya kamata mu lura da shi tun da farko, domin a kansa ne sauran bayaninmu zai tsaya.

A makarantar allo kowane yaro da allonsa, kowa kuma da inda ya tsaya, wannan yana babbaƙu, wancan yana farfaru, wani ya kai hajjatu. Wanda ya yi kwana goma bai zo ba, idan ya dawo zai tarar da allonsa yana jiransa, sai ya maimaita, ya biya wa malam, ya ɗora daga inda ya tsaya. A makarantar boko kuwa allo ɗaya ne a jikin bango, aji duka yana tafiya tare bisa manhajar da aka yanka wa mako-mako, malami kuma ba ya komawa baya saboda mutum ɗaya. Yaron da bai zo ba ranar da aka koyar da yadda ake aro a lissafin ɗebewa, zai ci gaba da tuntuɓe har ya kai ga rabawa, shi bai san inda aka bar shi ba, malami ma bai sani ba. Daga nan sai kunya ta shigo, kunya ta jawo wani fashin, har a wayi gari an ce yaro ba shi da ƙwaƙwalwa.

Lissafin abin kuwa ba shi da wuya. Yaron da ke fashin kwana ɗaya a cikin kwana biyar na mako, idan ya ƙare shekara shida ta firamare ya yi hasarar fiye da shekara guda cur, alhali kuwa sunansa bai taɓa fita daga rajista ba. Iyaye da yawa da suka saba da tsarin allo sun ɗauki fashin kwana ɗaya ko biyu abu mai sauƙi, domin a makarantar da suka sani haka yake.

3.0 Zamanin jirgin ƙasa da mishan, 1911 zuwa 1956

Layin dogon da ya isa Kano a 1911 ya ƙetare kogin Kaduna ne a ƙasar Gwari, a 1917 kuma aka ƙaurar da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna bisa shirin Gwamna Lugga. Gidajen gwamnati da bariki da ofisoshi suka zauna a arewacin kogi, babbar tashar mahaɗar jiragen ƙasa kuwa ta zauna a kudu. Da layin gabas ya iso ta Kafancan a 1927, sai wannan tasha ta zama mahaɗar mutanen Yamma da na Gabas da na Arewa.

A cikin masarautun Musulmi, tun daga makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909, zuwa makarantar boko ya fi kama da haraji. Akan yanka wa hakimi ko dagaci yawan yaran da zai kawo, masu hali su ɓoye nasu, a tura 'ya'yan barori da na talakawa, wanda ya gudu kuma dogari ko ɗan doka ya bi shi har gida. A kudancin Kaduna al'amarin ya ɗauki wata siffa dabam. Turawan mulki sun taƙaita aikin mishan a cikin biranen sarakuna, amma sun bar musu ƙofa a garuruwan baƙi da na jirgin ƙasa da ƙasashen da ba na Musulmi ba. Ma'aikacin tasha yana ganin da idonsa bambancin albashin akawu da na lebura, ya kuma san takarda ce ta raba su. Irin wannan uba ba ya bukatar dogari ya kai masa yaro makaranta. Abin da ke yanke masa hanzari shi ne kuɗin makaranta, da canjin wurin aiki, wanda kan ɗauke iyali daga wannan tasha zuwa waccan a tsakiyar shekara. A ƙauyukan Gwari da ke kewaye kuwa, damina ita ce ke da iko da yaro, domin lokacin shuka da noma da girbi ba ya jiran hutun makaranta.

Maganin da masu ilmi na lokacin suka fi amincewa da shi shi ne makarantar kwana. Kwalejin Katsina, wadda ta zauna a Kaduna daga 1938 zuwa 1949 kafin ta koma Zariya, ta kwana ce. Haka nan kwalejin 'yan mata da 'yan Katolika suka kafa a Kakuri a 1940 da sunan Queen of Apostles, wadda ta koma Kwalejin Sarauniya Amina bayan gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya ta karɓi makarantun mishan a farkon shekarun 1970. Makarantar kwana ta kashe fashi ta hanyar raba yaro da aikin gida baki ɗaya, amma 'yan ƙalilan ne suka sami wannan gata.

4.0 Zamanin masaƙu, 1957 zuwa 1975

A 1957 masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri, bisa haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello da kamfanin David Whitehead na Ingila. A cikin shekarun 1960 wasu suka biyo baya, kamar Nortex da Arewa da UNTL, ga kuma ma'aikatar ƙera makamai ta DICON a 1964, da ta harhaɗa motocin Peugeot a 1975. Ƙidayar 1963 ta ba Kaduna mutane kusan 150,000. Dubban matasa suka kwararo daga kudancin lardin Zazzau da Filato da Binuwai da sauran wurare, suka cika gidajen haya na Kakuri da Makera da Nasarawa.

Masaƙa ta taimaki halartar makaranta ta hanyoyi biyu. Na farko, ta kawo albashin wata, wanda ke sa uba ya iya sayen rigar makaranta da littafi a kan lokaci. Na biyu, ta kafa rayuwar unguwa a kan agogo. Gidan da maigida ke fita aiki da jiniya, wanda kuma ake yanke wa kuɗi idan ya makara, gida ne da yaro ke tashi ya ga cewa fita kullum a kan lokaci shi ne hanyar cin abinci. Daɗin daɗawa, takardar ƙare firamare tana da daraja a ƙofar masaƙa, saboda haka yaro yana ganin ƙarshen hanyar da aka ɗora shi a kai.

Sai dai wannan zamani bai rasa nasa cikas ba. Yawan baƙi ya fi ƙarfin azuzuwan da ke akwai. Ma'aikata da yawa ƙafarsu ɗaya tana birni ɗaya tana ƙauye, yaro ya yi wata uku a Kakuri, ya yi wata uku wurin kaka. Sa'an nan tashin hankalin 1966 ya sa mutanen Gabas suka bar Kaduna da yawa, cikinsu har da malamai da ɗalibai. Wannan shi ne karo na farko da rashin zaman lafiya ya kwashe yara daga azuzuwan birnin da yawa haka, amma bai zama na ƙarshe ba.

5.0 Shirin UPE da abin da ya biyo baya

Jihar Yamma ta fara ba da ilmin firamare kyauta a 1955, ta Gabas ta gwada a 1957. Na ƙasa baki ɗaya kuwa Janar Yakubu Gowon ne ya yi shelarsa a Sakkwato a 1974, Janar Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shi a watan Satumba 1976, shi ne shirin da aka fi sani da UPE. An yi tanadin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai kimanin miliyan 3 suka fito. An kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna a wannan shekara ta 1976 domin cike giɓin malamai, an kuma yi niyyar mai da karatun tilas a 1979, amma hakan bai yiwu ba.

Idan da rajista za a auna, UPE babbar nasara ce, domin 'ya'yan talakawa da 'ya'ya mata da ba su taɓa tsammanin shiga aji ba sun shiga. Idan kuwa da halarta za a auna, sai a ga inda ta gaza. A birane makarantu da yawa sun koma karatun safe da na rana saboda ƙarancin azuzuwa. Malamin da ke gaban yara masu yawa ba ya iya sanin fuskar wanda bai zo ba, kiran suna kansa yakan cinye wani yanki na darasi. Ga kuma talla. Binciken da Enid Schildkrout ta yi a birnin Kano a shekarun 1970 ya nuna yadda sana'ar matan aure da ke cikin kulle ta dogara a kan yara masu kai kaya da kawowa, musamman 'yan mata. Duk inda wannan tsari yake, har da unguwannin Hausawa na Kakuri da Makera, safiyar da ake bukatar yarinya a aji ita ce safiyar da koko da ƙosai ke bukatar mai ɗauka.

Da kuɗin mai ya ja baya, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982. Malaman firamare a jihohi da dama suka yi watanni ba albashi, jihohi da yawa suka dawo da kuɗin makaranta, yawan yaran firamare a ƙasar ya ragu a tsakiyar shekarun 1980. An kafa Hukumar Ilmin Firamare ta Ƙasa a 1988 da hedikwata a Kaduna, aka rushe ta a 1991, aka sake kafa ta a 1993. A nan ne ya bayyana cewa fashin yaro yana bin bayan fashin malami. Uban da ya ga ɗansa ya dawo gida da hantsi sau uku domin ba kowa a aji, a rana ta huɗu zai tura shi kasuwa.

6.0 Rushewar masaƙu da rabuwar birni

Shirin gyaran tattalin arziki na 1986, da tsadar kayan gyara, da rashin wutar lantarki, da shigowar yadudduka ta ɓarauniyar hanya, suka haɗu suka karya masaƙun Kakuri ɗaya bayan ɗaya. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Ma'aikata da yawa sun shekara da shekaru suna jiran haƙƙinsu na sallama. Ginshiƙai biyu da masaƙa ta kafa wa halarta, watau albashin wata da darajar takarda, suka zube tare. Yaron da a da ake ciyarwa domin ya je makaranta, sai ya zama shi ake jira ya kawo abin cefane.

Ana cikin haka sai rikice-rikice suka zo a jere: na Zangon Kataf da ya watsu zuwa Kaduna a watan Mayu 1992, da na shari'a a watannin Fabrairu da Mayu 2000, da na Nuwamba 2002, da na bayan zaɓe a Afrilu 2011. Bayan rayukan da aka yi hasara, kowane ɗaya ya zo da dokar hana fita da rufe makarantu. Abin da ya fi daɗewa kuma shi ne ƙaura. Musulmi da yawa suka bar unguwannin kudu suka koma arewacin kogi, Kirista da yawa suka bar arewa suka cika Sabon Tasha da Narayi da Romi da Gonin Gora. Yaron da aka ƙaurar ya rabu da ajinsa a tsakiyar shekara, malamin da makarantarsa ta koma ɓangaren da yake tsoro ya shiga neman canji. Sababbin unguwanni suka girma fiye da makarantun gwamnati da ke cikinsu, ƙananan makarantun kuɗi suka cike gurbin. Su kuma suka zo da nasu irin fashin, watau korar yaro gida har sai an biya kuɗin zango.

7.0 Doka, abinci da tsaro

An ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato ranar 30 ga Satumba 1999, dokarsa ta fito a 2004. Ta wajabta wa iyaye sa yaro a makaranta har ya ƙare firamare da ƙaramar sakandare. Wanda ya saɓa, karo na farko gargaɗi ne, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan haka tarar naira 5,000 ko ɗaurin wata biyu. Abin da aka yi niyya a 1979 ya shiga littafin doka, amma doka ba ta sa yaro ya tashi da safe idan cikinsa ba kome.

A watan Janairu 2016 gwamnatin Jihar Kaduna a ƙarƙashin Malam Nasiru El-Rufa'i ta fara ciyar da yaran firamare, a kan naira 50 kowane yaro a yini. Azuzuwa suka cika maƙil. Ba a daɗe ba sai jaridu suka fara ba da labarin yaran da ke zuwa lokacin rabon abinci, su ci su tafi. Wannan ya nuna mana matakai uku ne, ba biyu ba: shiga rajista, da zuwa makaranta, da zama a aji har a tashi. A 2017 gwamnatin ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 sun faɗi, ta sallame su. Kowane ra'ayi mutum ke da shi a kan wannan mataki, yajin aikin da ya biyo baya da lokacin da aka ɗauka kafin a cike gurabe, daga kwanakin karatun yara aka cire su.

A watan Maris 2020 annobar korona ta rufe makarantu na tsawon watanni. Ranar 5 ga Yuli 2021 'yan bindiga suka sace ɗalibai 121 daga makarantar sakandaren Bethel Baptist da ke kan hanyar Kaciya a Ƙaramar Hukumar Cikun, na ƙarshensu bai dawo gida ba sai a 2023. Gwamnati ta rufe makarantu 13, ta kuma ɗage komawa karatu a jihar. Makarantar kwana, wadda a 1940 ita ce maganin fashi, sai ta zama wurin da iyaye suka fi jin tsoro. A Janairu 2022 makarantun gwamnati na jihar suka koma karatun kwana huɗu a mako da ƙarin awoyi, wanda ya mai da fashin kwana ɗaya hasarar kashi ɗaya cikin huɗu. Ranar 7 ga Maris 2024 kuma aka sace yara daga makarantarsu a Kuriga, ita ma a Cikun, aka sako 137 bayan fiye da mako biyu.

8.0 Abin da tarihin Ingila ya nuna

Kamfanin da ya zo da masaƙar farko Kakuri ya fito ne daga Lankasha, ƙasar masaƙun Ingila, inda yara suka daɗe suna raba yini biyu, rabi a masaƙa rabi a aji. Ingila ba ta magance fashi da doka ɗaya ba. A 1870 ta yi dokar samar da makarantu a inda babu, a 1880 ta mai da zuwa tilas, a 1891 ta ɗauke wa yawancin iyaye kuɗin makaranta, a 1906 ta ba ƙananan hukumomi izinin ciyar da yara, sai a dokar 1918 ta soke tsarin rabin yini. Tana kuma da ma'aikata na musamman masu bin gida gida su tambayi dalilin fashi. Shekara arba'in da takwas ke nan ana ɗora wannan a kan wancan, ba a janye na baya ba. Mu a nan mun gwada kusan duka waɗannan matakai, sai dai kowanne shi kaɗai, ana fara wannan an riga an saki wancan.

9.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata mun ga cewa yaran kudancin Kaduna sun fi zuwa makaranta a lokacin da abubuwan nan huɗu suka haɗu, kowane lokaci kuma da ɗaya ya zame, aji ya ragu ko da rajista ba ta ragu ba. Sabili da haka muna ba da shawarwari huɗu. Na farko, hukumomin ilmi su riƙa bayyana yawan yaran da ke zuwa kullum tare da yawan waɗanda aka rubuta, a kuma auna makaranta da na farkon. Na biyu, a ɗauki biyan malami a kan lokaci a matsayin matakin farko na hana fashi. Na uku, kwamitin makaranta da masu unguwa da limamai da fastoci su ɗauki aikin bin sawun yaron da ya yi kwana uku bai zo ba, a kuma ware masa lokacin da za a maimaita masa abin da ya wuce shi, kamar yadda malamin allo ke yi. Na huɗu, ya rage gare mu malaman jami'a mu tattara tsofaffin rajistocin kiran suna na makarantun Kakuri da Makera da Barnawa, mu adana su a Gidan Arewa ko Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna kafin gara ta cinye su, domin a cikinsu ne aka rubuta wanda ya zo da wanda bai zo ba, rana bayan rana. Hausawa sun ce yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya.